Sautin Game Boy: manhajar waya ko na'urar FPGA?

Ɗan'uwanmu daga wani ƙauye kusa da Ringim ya tambaya: me ya sa kiɗan Game Boy, tsohuwar na'urar gem ɗin nan ta hannu, a wayarsa bai yi daɗin wanda ya sani yana yaro ba, kuma sai ya sayi Analogue Pocket, na'urar hannu mai kwaikwayon Game Boy, ne zai ji na ainihi?

Malam, Game Boy ta 1989 nan take take haɗa kiɗanta, da muryoyi huɗu kacal. Biyu suna fitar da siririn sautin nan mai kaifi, ta uku tana maimaita lambobi 32 da gem ya rubuta mata, ta huɗu kuwa shuu take yi, da ita ake ganga da ƙarar fashewa. Agogonta yana bugawa sama da sau miliyan 4 a daƙiƙa, mai kwaikwayonta kuma dole ya bi shi sau da ƙafa.

Manhaja lissafa wannan duka take yi. Manhajojin kwaikwayo irin su SameBoy da Gambatte sun iya ƙwarai, ban ga abin kushewa a lissafinsu ba. Ɓarnar tana tsakanin manhajar da kunnenka. Game Boy tana sauya hoto kusan sau 59.7 a daƙiƙa, yawancin wayoyinmu 60. In ba a daidaita su ba, sai ka ji ƙaras-ƙaras. Sannan waya sai ta tara sauti kafin ta sake shi, ka danna tsalle ƙarar ta biyo baya. Bluetooth kuwa ƙara jinkirin yake.

Analogue Pocket, wadda ta fito a 2021, cif ɗin FPGA ke cikinta, wanda ake tsara shi ya yi aiki kamar kayan cikin Game Boy, kowane sashe na tafiya lokaci guda. Jinkiri kaɗan ne, kuma tana karɓar kaset na asali. Amma ita ma kwaikwayo ce, kuɗinta ya haura dala 200 ban da na kawowa, in ta lalace kuma wa zai gyara maka a Ringim? Ƙananan na'urori masu araha irin su Anbernic da Miyoo, akasarinsu manhaja ce a ciki.

Akwai abin da duka biyun ba za su ba ka ba: 'yar lasifikar nan guda ɗaya mai cinye kaurin sauti. Ita kunnenka ya riƙe.

Ni dai shawarata, ka riƙe kuɗinka. Ka sa RetroArch, manhajar da ke tattara manhajojin kwaikwayo wuri guda, ka zaɓi Gambatte a cikinta, ka rage jinkirin sauti a saitin har inda wayar za ta iya ɗauka, ka jona iyafis mai igiya.