Gwajin ciwon sanyi: wanne ya cancanci kuɗinka a ɗakin gwaji?

Hanyoyi uku ake bi wajen gano ƙwayar Neisseria gonorrhoeae mai haddasa ciwon sanyi, wadda Albert Neisser ya gano a 1879, kuma kowacce da inda take tuntuɓe.

Mafi araha shi ne rinin Gram. A shafa mugunya a gilashi, a rina, a duba a madubin likita. Abin nema shi ne ƙwayoyi jajaye bibbiyu, kamar wake biyu sun fuskanci juna, a cikin fararen ƙwayoyin jini. Ga namiji mai ɗigar mugunya yana kama sama da kashi 90 cikin 100, cikin mintuna. Ga mace kuwa kusan rabi yake kamawa. A maƙogwaro ma ba shi da amfani, domin akwai dangin ƙwayar da ba sa cutarwa kuma kamarsu ɗaya.

Renon ƙwayar a faranti shi ne mai wahala, don ƙwayar ragguwa ce, ba ta jure sanyi ko bushewa. Kada a sa samfurin a firji. A ɗauka da tsinke mai kan zaren Dacron ko rayon, domin auduga na iya kashe ta, a shafa nan take a farantin Thayer-Martin, mai ɗauke da abincin renon ƙwayar. Sai a sa farantin a kwalba, a kunna kyandir, a rufe har ya mutu da kansa, a ajiye a na'urar ɗumamawa, a zafin digiri 35 zuwa 37 na ma'aunin Celsius, na awa 24 zuwa 48. Idan wutar lantarki ta ɗauke cikin dare, aikin ya lalace. Wani kuskuren da ya zama ruwan dare: ɗaukar samfur daga farji maimakon bakin mahaifa, inda ƙwayar take zaune. Sakamako ya fito "babu komai" alhali cutar tana nan. Duk da haka, wannan gwajin ne ke nuna maganin da ƙwayar ta bijire wa.

Gwajin ƙwayar halitta, wato mai neman DNA ɗin ƙwayar cutar, irin na na'urar GeneXpert da aka fi sani da gwajin tarin fuka, ya fi sauran kaifi, kuma cikin kamar minti 90 yake gano ta haɗe da kilamidiya, wata cutar da ake ɗauka ta jima'i. Farkon fitsarin da ya fito ake so, bayan awa guda ba a yi fitsari ba, kada a kawo na tsakiya. Aibinsa tsada, sannan yana ganin matacciyar ƙwaya, don haka maimaita shi kwana biyu bayan allurar magani ɓata kuɗi ne.

Ga mace, ko wanda ba shi da alama, wannan na ƙarshen ya fi. Idan an yi allurar ceftriaxone ɗigar ba ta tsaya ba, a koma faranti.