Lesin ta waya ya yi wa 'yar ajin kimiyya rana, ɗan ajin adabi bai samu rabonsa ba

Akwai wata hidima da ta yaɗu tsakanin iyayen yara a nan Zariya. Za ka biya kuɗin wata, a ba ka lamba ta WhatsApp, yaronka na babbar sakandare ya ɗauki hoton aikin gidan da aka ba shi ya tura, wani malami daga can ya taimaka masa. Masu abin sun ce babu darasin da suka bari, daga Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji har zuwa Turanci da Gwamnati da Tarihi da Hausa da Ilimin Addinin Musulunci. Na biya wa yara biyu na tsawon zangon karatu guda: 'yata da ke SS2 a ajin kimiyya, da ɗan yayana da nake riƙo, wanda ke SS3 a ajin adabi. Ba zan kama sunan masu hidimar ba, saboda ina da yabo ina kuma da ƙorafi, kuma irinsu suna da yawa, abin da na gani zai iya amfanar wanda ke hulɗa da wasunsu.

Ni malamar firamare ce. Kemistirin babbar sakandare ya fi ƙarfina, amma na san koyarwa idan na gan ta, na kuma san lokacin da aka miƙa wa yaro amsa kawai aka sallame shi. Da wannan ma'aunin na auna su.

Abin da ya fara burge ni shi ne sharaɗin da malaman kimiyyarsu suka kafa, cewa ba sa duba tambaya tsirararta. Sai yaro ya fara gwadawa a littafinsa, ko da shirme ne, ya turo hoton abin da ya yi tare da tambayar. Da farko 'yata ta yi ta gunaguni, tana cewa in da ta iya ai da ba a biya kuɗi ba. Amma a nan amfanin yake. Wata rana an ba su jinga a Kemistiri: an narkar da giram 4 na sodiyom haidiroksaid a ruwa har ya kai cm³ 250, a nemo ƙarfin haɗin. Ta raba 4 da 40, wato nauyin mol ɗaya na sinadarin, ta samu 0.1, wanda daidai ne, sannan ta raba da 250 ta samu 0.0004. Ina zaune kusa da ita ina gyaran wake saƙon muryar malamin ya shigo. Ya ce, "Ɗiyata, aikinki lafiya lau yake har layi na uku. Yanzu dubi 250 ɗin nan, a wane ma'auni take? Ita kuma amsar, a wane ma'auni ake son ta?" Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta yi shiru tana cizon biro, can sai ta ce, "Wayyo, Umma, ban mayar da shi dm³ ba!" Ta rubuta 0.25, domin cm³ 1000 ne ke yin dm³ ɗaya, wato lita ɗaya, ta sake rabawa, 0.4 ya fito. Da ta tura sai ya ce madalla, ya ƙara mata wasu tambayoyin masu kama da wannan daga jarrabawar WAEC ta shekarun baya, ya ce kafin ta kwanta yana jira. Tun daga ranar ban sake ganin ta yi wannan kuskuren ba.

Haka malamar Lissafinsu take, har ma ta fi shi tsanani. Ba ta yarda yaro ya tsallake layi. Ta sha nanata wa yarinyar cewa masu gyaran takardar WAEC suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka wanda ya rubuta matakansa tsaf ya yi tuntuɓe a ƙarshe yana iya fin wanda ya dire amsa daidai babu hanya. Bayaninsu kuma da Hausa suke yi idan yaro ya nema, su bar sunayen abubuwan yadda suke a littafi domin da su za a rubuta jarrabawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaranmu da yawa ba lissafin ne ya gagare su ba, Turancin da aka yi tambayar da shi ne ya tare musu hanya, kuma a ajin da ya cika maƙil da ɗalibai babu malamin da zai tsaya ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya.

Fiziks ya ɗan yi rauni ta fuskar lokaci. Da alama malaman da suke da shi kaɗan ne, domin akan tura tambaya bayan la'asar ba a samu amsa ba sai bayan isha'i, wani lokaci ma sai gari ya waye yarinya ta riga ta tafi makaranta. Idan amsar ta zo tana da kyau, da zane da komai, amma aikin gidan da za a karɓa da safe ba ya jiran kowa. Akwai kuma abin da waya ba za ta taɓa yi ba. WAEC da NECO duka suna da takardar gwaji a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Malamin Kemistiri ya turo mata bidiyon yadda ake ɗiga asid daga biyuret, wato dogon bututun gilashi mai awo, har launin ruwan ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo, ya koya mata yadda ake jera karatun awon a tebur, amma hannunta bai taɓa riƙe abin ba. Ban ɗora musu laifin wannan ba, ba su yi alƙawarin ɗakin gwaje-gwaje ba. Na faɗa ne domin kada iyaye su ɗauka an cike wannan giɓin.

A ɓangaren yaron ne raina ya ɓaci, kuma a nan zan daɗe.

Sharaɗin nan na sai ka gwada kafin a duba maka, babu shi a darussan adabi da zamantakewa. Yaro zai tura tambaya, kafin ya ajiye wayar amsa ta faɗo, doguwa, da Turanci mai ƙyalli, an jera ta tsaf. Saurin kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani. Babu saƙon murya, babu "me ka fahimta", babu "sake gwadawa". Zatona shi ne ana liƙa tambayar ne a irin manhajojin nan masu rubuta amsa da kansu, a kwafo a turo ba tare da an karanta ba. Shi kuwa yaro me ya fi masa wannan daɗi? Ya kwafe a littafi cikin minti kaɗan ya fita ƙwallo.

Abin da ya tabbatar mini da cewa ba a dubawa shi ne wata tambaya a darasin Gwamnati game da tsare-tsaren mulkin da Turawa suka yi wa Najeriya. Amsar da aka turo ta ce a tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 aka fara zaɓen wakilai. Wannan kuwa ko a karatunmu na kwalejin horon malamai mun san ba haka ba ne. Tsarin Gwamna Clifford na 1922 ne ya fara kawo zaɓe, kujeru huɗu, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma majalisar lokacin ba ta yi wa Arewa doka, gwamna ne ke yi mata da kansa. Richards shi ne ya haɗa Arewa da Kudu a majalisa ɗaya ya kafa majalisun yankuna. Bayansa Macpherson ya zo a 1951, bayan babban taron Ibadan na 1950, sannan Lyttelton a 1954 ya tsayar da tsarin tarayya. Waɗannan huɗun ginshiƙai ne a manhajar darasin, da wuya ɗalibi ya shiga jarrabawa bai ci karo da ɗayansu ba. Yaron ya riga ya kwafe kuskuren da kyakkyawan rubutunsa. Na tura musu ƙorafi, aka ba ni haƙuri cikin ladabi, aka turo gyara. Amma iyaye nawa ne za su gane? Mafi yawanmu mun biya ne saboda ba za mu iya dubawa da kanmu ba.

Ko inda amsar ta yi daidai, ba ta koyar da komai. An tambaye su dalilan da suka sa mulkin Turawa ta hannun sarakuna ya yi nasara a Arewa. Ga yaro ɗan Zazzau, yana wuce ƙofar fada kullum, ya san hakimi, ya san dagaci, ya san mai unguwa, ya ji labarin jangali da kotun alƙali a bakin kakansa. Malamin kirki zai fara daga nan ne, ya nuna masa cewa Gwamna Lugard ya tarar da tsarin sarauta da haraji da shari'a a tsaye tun kafin zuwansa, shi ya sa bai sha wahala ba. Maimakon haka aka turo masa jerin dalilai, ya haddace, bayan kwana biyu na tambaye shi ya kasa kawo biyu daga ciki. Da na zauna na yi masa bayanin da sunayen da ya sani, sai ya ce, "Gwaggo, ashe dama abin da ake nufi ke nan?"

Turanci ya fi ba ni tsoro. An ce ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa kan matsalar ruwa a unguwarsu, sai aka rubuto masa wasiƙar gaba ɗayanta. Malamin makarantarsu da ya karanta ya gane ba nasa ba ne, ya sa shi ya faɗi ma'anar wasu kalmomi a ciki ya kasa. A jarrabawar WAEC ana son insha'i mai kalmomi kusan 450, sannan ga fahimtar rubutu, ga taƙaitawa, kuma ana rage maki kan kowane kuskuren nahawu da rubutu. Babu yadda yaro zai iya wannan sai ya yi ta rubutawa da hannunsa ana jan jan biro a kai. Rubuta masa insha'i kamar a goya mutum ne a kai shi kasuwa, gobe idan aka ce ya je shi kaɗai ba zai gane hanya ba. Shi kuwa wannan yaron watanni kaɗan suka rage masa ya zauna WAEC, NECO ta biyo baya, ga kuma JAMB mai tambaya 180 cikin awa biyu a gaban kwamfuta, 60 daga ciki na Turanci ne. Idan bai samu kiredit a Turanci ba, wato daga C6 zuwa sama, sauran sakamakon ba zai kai shi jami'a ba komai kyansa.

A darasin Hausa kuwa amsoshin sun zo babu baƙaƙe masu lanƙwasa, an haɗe kalmomin da ake rabawa, abin da malamin Hausa zai soke tun daga layin farko. Na hana shi turawa kwata-kwata.

Ina ganin tushen matsalar ya wuce waɗannan masu hidimar. Mun daɗe muna ɗaukar ajin adabi a matsayin wurin da ake tura waɗanda suka kasa kimiyya, muna ganin darussansu hadda ce kawai. Masu wannan sana'a sun san iyaye sun fi sa ido a kan Lissafi da Kemistiri, sai suka zuba ƙwararrun malamansu a can, suka bar ɗaya ɓangaren a hannun duk wanda ya samu. Alhali daga wannan ajin ake samun lauyoyi da alƙalai da 'yan jarida da malaman makaranta, kuma kuɗin da na biya wa yaron daidai yake da wanda na biya wa yarinyar.

Batun kuɗi, abin da suke karɓa a wata bai kai abin da malamin lesin mai zuwa gida ke karɓa ba, nesa ba kusa ba. Sai dai a lissafa da data. Tun da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, hotuna da saƙonnin murya da bidiyo suna cin kuɗin da mutum zai ji a jikinsa. Ga kuma caji, ranar da babu wuta babu lesin.

Ta fuskar tarbiyya na yaba musu. Duk saƙonni ta lambar ofishinsu suke bi, malami ba ya ganin lambar ɗalibi, kuma tun wajen rajista suka ba da shawarar a yi amfani da wayar uwa ko uba. Ni da tawa aka yi, don haka duk abin da aka faɗa wa 'yata na ji shi. Ban taɓa cin karo da maganar da ta fita daga karatu ba. Uwar da ke da budurwa a gida ta san nauyin wannan. Sun kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba sa amsa tambaya daga ɗakin jarrabawa. Lokacin gwajin tsakiyar zango yaron ya gaya mini wani abokinsa ya gwada turawa daga aji, aka ƙi kula shi.

Da zangon ya ƙare na sabunta wa 'yata a Lissafi da Kemistiri da Fiziks. Makinta na gwaje-gwajen aji ya ɗaga, amma abin da ya fi gamsar da ni shi ne yanzu takan gano inda ta kauce kafin ma ta tura. Yaron kuwa na cire shi. Na haɗa shi da wani ɗalibin shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke maƙwabtaka da mu, yana zuwa ranar Asabar da Lahadi su yi Gwamnati da Adabin Turanci, ni kuma kowane mako ina sa shi ya rubuta insha'i ɗaya da hannunsa ya kai wa malamin Turancinsu ya gyara. Na rubuta wa masu hidimar cewa ranar da suka kafa wa 'yan ajin adabi sharaɗin da suka kafa wa 'yan kimiyya, suka kuma sa malamin da zai yi magana da yaro da bakinsa, ƙanwarsa da za ta shiga SS1 baɗi tana nan, zan kawo musu ita.