Hattara da masu gyaran AC da ke musanya kwamfuresa da haɗa injinan da ba jinsi ɗaya ba

Jama'a, zafi ya kama, kasuwar masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki kuma ta buɗe. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40, duk gidan da ya saba da AC ba ya iya jure kwana biyu babu shi, balle idan akwai tsoho, jariri ko mara lafiya. Da wannan gaggawar ce wasu ɓata-gari cikin masu gyara suke cin abinci. Masu gaskiya a sana'ar suna da yawa, kuma su ma wannan ha'inci yana zubar musu da mutunci, don haka ba da su nake ba.

Ga yadda abin yake tafiya. AC ya daina sanyi, fankar injin waje tana juyawa amma iskar da ke fitowa a ɗaki ɗumi ce. Ka kira mai gyara, ya ɗora hannu a kan injin, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, kwamfuresa ta tafi," wato na'urar da ke matsa gas ɗin sanyi a cikin injin waje. Sai ya ce aikin ba na gida ba ne, dole ya kwance injin wajen ya kai shago. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya dawo da shi, ya ɗaura, sanyi ya zo, ka biya kuɗin sabuwar kwamfuresa har da addu'a. Alhali sau da yawa abin da ya lalace kafasita ce kawai, wata 'yar aba mai kamar gwangwani da ke taimaka wa kwamfuresa ta tashi, wadda kuɗinta bai kai komai ba idan aka gwada da na kwamfuresa. Shi kuwa ya yanke lafiyayyar kwamfuresarka ya ajiye don sayar wa wani, ya liƙa maka tsohuwa ta kwance da ya ciro daga injin wani kamfani daban. Ka biya kuɗin sabuwa, ka kuma yi asarar taka.

Na ga irin wannan da idona a gidan wani ɗan'uwana. Bayan an yi masa gyara, AC ɗin sai ya yi sanyi na ɗan lokaci ya yanke, kuɗin wuta kuma ya tashi. Da aka kira wani dattijon mai gyara ya cire murfin injin wajen, sai ga kwamfuresa an fesa mata sabon baƙin fenti har yana ƙyalli, amma ƙafafunta duk tsatsa. An kankare takardar bayanin da ke jikinta. Ramukan ƙusoshinta ba su zo daidai da mazaunin ba, ƙafa biyu kawai aka ɗaure, ta ukun an tokare ta da guntun taya. Dattijon ya shafa bakin waldar da yatsa ya ce, "Yallaɓai, wannan ba 'yar gidan nan ba ce, baƙuwa ce."

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta, don kada a zargi mai gaskiya. Bambancin suna kaɗai ba shi ne laifi ba. Kamfanonin AC da yawa ba su ne ke ƙera kwamfuresarsu ba, saye suke yi daga masu ƙera ta irin su GMCC, Highly da Rechi, shi ya sa za ka buɗe sabon inji fil ka ga wani suna daban a ciki. Abin da ya zama dole ya dace shi ne alƙaluman: ƙarfin injin, irin gas ɗin da yake sha, da irin wutar da yake aiki da ita. Ƙarfin AC da hos ake faɗinsa a kasuwa, a takarda kuma da ma'aunin BTU: hos ɗaya kusan BTU 9,000 ne, hos ɗaya da rabi 12,000, hos biyu 18,000. In aka sa kwamfuresar hos ɗaya a injin hos ɗaya da rabi, za ta yi ta aiki ba hutawa, ɗakin bai yi sanyi ba, mita kuma tana gudu. Wutarmu kuma bolt 230 ce a kan hez 50. Kwamfuresar da aka ƙera don ƙasashe masu hez 60, irin Amurka, idan ta zo nan juyawarta raguwa take yi, sanyinta ma haka.

Batun gas ne ya fi tayar mini da hankali, domin a nan rai ake magana, ba kuɗi kawai ba. Tsofaffin injina R22 suke sha, sababbi kuwa R410A ko R32. Matsin R410A ya haura na R22 da fiye da rabi, man da ke cikin kwamfuresar kowanne ma daban ne. Idan aka ɗauko kwamfuresar R22 aka ɗura mata R410A, an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, ƙonewa za ta yi, ko yau ko gobe. Shi R22 ɗin ma duniya tana janye shi a hankali ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illar da yake yi wa sararin samaniya, kuma ƙasashe masu tasowa irin Najeriya da Nijar suna da wa'adin shekarar 2030. Duk abin da ya yi ƙaranci, jabunsa yawaita yake yi. Akwai masu cika tukunya da gauraye-gauraye su manna mata lamba, akwai ma marasa tsoron Allah da ke ɗura gas ɗin girki a AC saboda yana ba da sanyi kuma ya fi araha. Injin da ba a ƙera shi don iska mai kama wuta ba, idan ya yi yoyo a rufaffen ɗaki, tartsatsin soket ɗaya ya isa. A shekarar 2011 jabun gas mai ɗauke da sinadarin R40 ya sa kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, har ma'aikata uku suka rasu. Waɗancan manyan kamfanoni ne masu injiniyoyi, ina ga mai gida da aka kawo masa tukunya a bayan babur?

Kuma a daina yarda da maganar "gas ya ƙare". AC ba ya shan gas kamar yadda mota ke shan mai, a rufe yake yana zagayawa. In ya ragu, to akwai yoyo. Wanda ya ƙara maka gas bai nemo inda yake zuba ya toshe ba, ya buɗe wa kansa hanyar dawowa ne duk wata biyu.

Masu AC na inbata, wato wanda kwamfuresarsa ke rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata, su ne suka fi shiga tarkon a 'yan shekarun nan. Tun da aka ƙara kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa wuta mafi tsawon lokaci a Najeriya, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, mutane suka koma sayen inbata don rage cin wuta, wasu kuma don ya tashi a kan sola ko ƙaramin janareta. Shi irin wannan AC, injin ciki da na waje magana suke yi da juna ta wata waya, kuma kowane kamfani da nasa yaren. Na cikin wani kamfani ba ya jin na wajen wani, ko da ƙarfinsu ɗaya. To idan fanel ɗin injin waje, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, ya samu matsala, maimakon a gyara shi ko a nemo irinsa, sai macuci ya ce ba a samunsa a kasuwa. Ya cire fanel ɗin da kwamfuresar inbata, ya sa kwamfuresa gama-gari da kafasita, ya sa wa na ciki fanel ɗin kasuwa mai shiga kowane inji, ya miƙo maka wani sabon rimot. A jiki har yanzu an rubuta inbata, a ciki kuwa babu ita. Alamar farko ita ce duk lokacin da kwamfuresar za ta tashi sai fitilun gida su yi ƙasa, ko janareta ya yi nishi, ko sola ta yanke, domin kwamfuresa gama-gari tana fizgar wuta ninki-ba-ninki a lokacin tashi. Kayan da ya cire kuwa su ne mafi tsada a jikin injin gaba ɗaya.

Haka abin yake wajen sayen na hannu. Za a nuna maka na ciki fari tas mai babban suna, na waje kuma an yi masa fenti an manna masa sitika iri ɗaya. Kada ka tsaya a kan sitikar gaba. Kowane ɓangare yana da takardar bayani a gefensa mai ɗauke da lambar samfuri, BTU, irin gas da nauyinsa. Ka karanta na ciki, ka karanta na waje, su dace da juna. In an kankare ko an shafe da fenti, ka bar musu kayansu komai arha. Ka duba bututun da za a ɗaura maka shi ma, domin akwai na alminiyom da ake yi wa rufin jan ƙarfe. In ka kalli bakin da aka yanka za ka ga cikinsa fari.

Abin da nake roƙon kowa shi ne, kafin mai gyara ya taɓa komai, ka ɗauki hoton takardun bayanin nan da wayarka, idan ya buɗe murfi ka ɗauki hoton kwamfuresar da lambarta a gabansa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. In ya ce ta mutu, ka ce ya gwada maka da mitar gwaji ka gani, ya kuma fara gwada sabuwar kafasita. Kwamfuresar da ta yi zafi sosai, ko wadda wuta ta yi wa ƙasa, takan yanke da kanta don kariya, in ta huce ta dawo aiki, saboda haka kada a yanke mata hukunci da tsakar rana tana tafarfasa. Canjin kwamfuresa aiki ne da za a iya yi a tsakar gidanka, ba sai an kai shago ba. Idan ya zama dole a canza, ka ga sabuwar da takardarta kafin a yi walda, ka tabbata an zuƙe iskar cikin bututu da injin bakyum kafin a ɗura gas, sannan tsohuwar taka ce, ka karɓe ta ko da gwangwan za ka sayar. A rubuta maka rasit mai lambar abin da aka saka da tsawon garantin aikin.

Wanda AC ɗinsa sabo ne kuma, ya duba takardar garanti kafin ya kira kowa, domin kamfanoni da dama suna ba kwamfuresa garanti mai tsawo fiye da sauran sassa, kuma da zarar wani na waje ya yanka bututu garantin ya faɗi. Wanda aka riga aka cuta, ya tattara hotuna da rasit ya fara kai ƙara wurin shugabannin masu gyara na kasuwar da mutumin yake, domin sukan tilasta a dawo da kaya. In abin ya faskara, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar irin wannan koke.