Na Caina ko na Indiya? Amsa ga ɗan'uwanmu na Marwa

Ɗan'uwa, ka ce ka tara 'yan kuɗi za ka saya wa ƙanenka babur ya shiga kilando, wato acaɓa, a Marwa. Wasu sun ce maka Boxer ko TVS, wasu sun ce ka ɗauki na Caina ka riƙe canji, kuma kana hangen tifa nan gaba in Allah ya buɗa. Na daɗe ina sayar da kayan gyaran babura a Garwa, don haka abin da ke wucewa ta kan teburina zan gaya maka.

Na Caina ba iri ɗaya ba ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. Daga Indiya sunaye uku muke gani: Bajaj na birnin Pune mai Boxer, TVS mai HLX da ke da masana'anta a Hosur, sai Hero. Boxer ɗin da ka saya a Garwa da wanda ka saya a Kano uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A Caina kuwa, Chongqing kaɗai tana da Lifan da Loncin da Zongshen, ga ƙananan masana'antu barkatai inda ɗan kasuwa zai ce a haɗa masa babur daidai kuɗinsa, a manna sunan da ya ga dama a jikin tanki. Can sama akwai Haojue na Jiangmen a lardin Guangdong, kamfanin da ke ƙera wa Suzuki babura. Wanda ya haɗa Haojue da waɗancan a kwando ɗaya bai yi masa adalci ba.

Bara wani yaro ya turo mini irin na ƙananan masana'antun nan, sabo fil ya saye shi, fenti na walƙiya. Damina ɗaya ya ci. Ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera ya tsage, an yi masa walda sau biyu, injin na fitar da hayaƙi. Bakanike ya buɗe, na ɗauko ringi iri uku daga kanta, babu wanda ya zauna a fistan ɗin. Yaron ya tsuguna bakin shago yana lissafi da yatsu, don mai babur ɗin na jiran kuɗinsa na ranar. Har yanzu abin na damuna. Araha ba ta ado.

Amma injin Caina na da abin yabo. Yawancinsu kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda aka fito da shi a 1975 musamman saboda ƙasashen da ba a kula da juyen baƙin mai. Babu tayimin cen, wato sarƙar da ke sarrafa bawul, a cikinsa, 'yan sanduna biyu ne ke tura bawul. Kowane yaron gareji zai warware shi a gindin dalbejiya ya mayar kafin la'asar, kuma kayan wannan suna sau da yawa suna shiga na wancan. Mutumin ƙauye da ke ɗora buhunan albasa ko masakwa, bakanikensa ɗaya ne a garin, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Aibinsa karkarwa da shan mai.

Shan man nan shi ya sauya lissafi. Da can da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, ke kwararowa daga Najeriya da araha, ba mai ƙirga lita. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kwalbar da ke bakin titi ta yi tashin gwauron zabo, kowane ɗan kilando ya koma duba tanki. Boxer mai injin 100, wanda asalinsa ya samo daga haɗin gwiwar Bajaj da Kawasaki, tsotsar mai yake kaɗan-kaɗan. HLX ma haka. Wanda ke kan titi daga asuba zuwa isha, abin da ya rage masa kullum shi zai taru ya cike ratar kuɗin saye. Ga doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya da mata masu kaya ke so, ga jure zafin Afrilu da ke haura digiri 40. In kuma ƙanenka ya tashi sayarwa bayan shekara biyu, dillalai za su taya da mutunci.

Sharaɗin Boxer ɗaya: ba ya yafe sakaci da baƙin mai. Ka bar shi ya yi ƙasa ko ka zuba na jabu, tayimin cen zai fara ƙara, daga nan sai kashe kuɗi. Kuma ka sani, mafi yawan kayan gyaran Boxer masu araha da ke kasuwa ba daga Indiya suke ba. A shagona kulochi iri biyu ne, na kamfani da na kwaikwayo, ina faɗa wa mutum kafin ya biya. Da yawan masu cewa Boxer ya lalace musu, na biyun suka yi ta saka masa.

Keke mai ɗaukar fasinja na Indiya ne, Bajaj RE ko TVS King. Mai bodin ɗaukar kaya kuwa Caina ta riƙe shi.

Da ka zo kan tifa da tirela, magana ta juya. Tsaya bakin hanyar da ta taso daga Ngaundare, inda jirgin ƙasa ke sauke kayan Duwala, ta ratsa Garwa da Marwa da Mora har Kusiri da gadar Ngeli mai shiga Cadi. Ban da tsofaffin motocin Turai, Howo na kamfanin Sinotruk da ke Jinan za ka yi ta gani, sai Shacman, dukansu na Caina. Tata da Ashok Leyland na Indiya motoci ne masu ƙwari, ban raina su ba, sai dai motar da ta tsaya a Waza tana jiran ƙarfe ɗaya daga nesa ba ta ciyar da kowa. Kayan Howo kuwa ana samunsu a Duwala, ana samunsu a Kano. Akwai kuma batun sitiyari. Caina dama suke bi kamar mu, sitiyarinsu na hagu, don haka motarsu ta hannu tana shigowa kai tsaye, musamman tun 2019 da gwamnatinsu ta ba da izinin fitar da motocin da aka yi amfani da su. Indiya hagu suke bi, tasu ta gida sitiyarin dama gare ta. Hattara dai da tifar da aka wanke aka fesa wa sabon fenti. Fenti ba ya gaya maka shekarun injin.

Ƙananan motoci ba zan daɗe a kansu ba. A 2023 Caina ta fitar da motoci kusan miliyan 4.9, ta sha gaban Japan, Indiya kuwa ba ta kai miliyan ɗaya ba. Amma sababbin Suzuki Alto da Swift da ake sayarwa a Afirka, har da Toyota Starlet, a Indiya ake ƙera su. Mu nan dai har yau tsohuwar Toyota ce a gaba.

Ƙanenka, ka saya masa Boxer ko HLX. In kuɗin bai kai sabo ba, Haojue ko Boxer na hannu mai tsabta. Za a nuna maka wanda ya tsallako ta Mubi da rangwame mai jan rai. In babu takardar duwan, wato kwastan, ka bar shi, don ranar da aka kama shi ba ka da bakin magana. Ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ya goge lambar injin da ta firam da tsumma, ku karanta su tare da abin da ke rubuce a takarda kafin ka ƙirga sefa ko ɗaya.