Rok ɗin gareji da tsoffin waƙoƙin pop: wanne za ka fara bi a rediyo?

Ƙanena, tambayarka ta jiya ta tsaya mini a rai shi ya sa na ce bari in samu wuri in amsa maka a tsanake. Ka ce ka faɗa wata tashar rediyo ta intanet da daddare mai sa tsoffin waƙoƙin Amurka da Ingila na shekarun 1960, wata waƙar ka ji ta sumul lau da amshi mai daɗi, wata kuma ka ji jita tana kurma ihu kamar sifika ta fashe, mai gabatarwa yana ce wa wannan garage rock waccan kuma pop, kana so ka san me ya raba su kuma wanne ya kamata ka fara bi. Toh ni dai tun ina yaro nake jin irin waɗannan a rediyon mahaifinmu a gajeren zango, murya na zuwa tana tafiya, ban ma san sunayensu ba sai da na girma waya ta zo hannu na riƙa bin diddigi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya raba su tun daga tushe shi ne wa ya yi waƙar kuma a ina aka yi ta. Pop ɗin wancan zamani aikin ƙwararru ne, sana'a ce mai rabon aiki kamar yadda za ka ga shagon tela babba, wani ya yanka wani ya ɗinka wani ya yi aikin wuya. A New York akwai wani bene da ake kira Brill Building a titin Broadway, da wasu ofisoshi kusa da shi, marubuta waƙa suna zama a ƴan ƙananan ɗakuna kowa da piyanonsa daga safe har yamma, aikinsu kenan. Carole King da mijinta na lokacin Gerry Goffin a irin wannan aikin suka rubuta Will You Love Me Tomorrow wadda ƴan matan Shirelles suka rera ta kai lamba 1 a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a farkon 1961. Mai rubutawa daban, mai rerawa daban, makaɗa kuma daban, su ma haya ake ɗauko su.

Amma inda abin ya fi burge ni shi ne Motown a Detroit. Berry Gordy ya buɗe kamfanin a 1959 da rancen dala 800 da ya karɓa daga asusun danginsu, kuma kafin nan ya yi aiki a masana'antar haɗa motoci, sai ya ɗauko tsarin can ya kawo wa waƙa. Gida ne kawai na zama a West Grand Boulevard suka maƙala masa allo mai rubutun Hitsville U.S.A., makaɗan gidan da ake kira Funk Brothers suna ɗan ƙaramin situdiyon da ke cikinsa suna buga wa kowa, James Jamerson a kan jitar bes, wallahi in ka saba da hannunsa ko a barci ka ji shi za ka gane. Duk Juma'a a zauna taro a saurari sabbin waƙoƙi a tace, wadda ba ta kai ba a mayar da ita. Har malama suka ɗauka, Maxine Powell, tana koya wa mawaƙan yadda ake tafiya da zama da gaisawa da manya. Sakamakon kuwa ka gani, Supremes su Diana Ross sun jera waƙa 5 a lamba 1 ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1964 da 1965, gaba ɗaya kuma sau 12 suka hau lamba 1 a jadawalin Billboard.

Can Los Angeles kuma furodusa Phil Spector yana cusa makaɗa cunkus a situdiyon Gold Star, piyano biyu uku, jita huɗu biyar duk suna buga abu ɗaya a lokaci ɗaya har sauti ya yi kauri ka kasa tsintar kayan kiɗa guda. Be My Baby ta Ronettes ta 1963 ita ce misalin da kowa ke kawowa, Brian Wilson na Beach Boys ya sha faɗin cewa a rediyon mota ya fara jin ta sai da ya gangara gefen titi ya tsaya. Shi Spector ɗin ƙarshensa bai yi kyau ba, an same shi da laifin kisa a 2009 kuma yana ɗaure ya mutu a 2021, ina faɗa maka ne don kar ka je ka gani daga baya ka ce na ɓoye.

Yanzu juyo ga ƴan gareji. Waɗannan yara ne, yawancinsu ƴan sakandare ko waɗanda suka gama ba da jimawa ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1964 Beatles suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, mutum wajen miliyan 73 suka kalla, daga nan sai samari a kowane lungu na Amurka suka shiga sayen jita mai araha, mutum huɗu ko biyar su haɗu a garejin motar babansu su yi ta bugu har maƙwabta su gaji. Daga nan sunan ya samo asali, kodayake su a lokacin ba haka suke kiran kansu ba, daga baya ne marubuta suka laƙaba. Ba marubuci ba malamar tarbiyya ba taron Juma'a, sautin jita uku suka iya su yi ta juya su, su tara kuɗin wasan da suka yi a rawar makaranta su je ƙaramin situdiyon garinsu su buga faifai ƴan ɗaruruwa su kai wa mai gabatarwa a tashar garin da hannunsu suna roƙo ya sa.

Labarin Louie Louie shi ya fi nuna maka abin, kuma ita ta ma riga zuwan Beatles. Richard Berry ne ya rubuta ta tun shekarun 1950, sai wasu samari ƴan Portland a jihar Oregon da ake kira Kingsmen suka ɗauke ta a Afrilun 1963 da kuɗin da bai wuce dala 50 ba. Makirfon an rataye shi can sama, mawaƙin Jack Ely sai da ya ɗaga wuya yana ihu ga kuma ƙarfen gyaran haƙori a bakinsa, don haka babu mai gane me yake cewa. Jita-jita ta bazu wai batsa yake yi, gwamnan jihar Indiana ya nemi tashoshi su daina sa ta, hukumar FBI ta shafe sama da shekara tana bincike suna juya faifan da sauri suna juya shi a hankali, ƙarshe suka ce su dai ba su gane komai ba. Waƙar ta kai lamba 2. Ka kwatanta da Good Vibrations ta Beach Boys da aka yi ta ɗauka guntu-guntu daga Fabrairu har Satumban 1966 a situdiyo 4, ka ga tazarar da ke tsakanin gidajen biyu.

Wannan ƙarar jitar da ka ce kamar sifika ta fashe, ai wani lokacin da gaske fashewar ta yi. Dave Davies na Kinks a Landan reza ya sa ya tsaga takardar sifikar amfilifayarsa, shi ne sautin da kake ji a You Really Got Me ta 1964. Kamfanin Gibson kuma yana da wata ƴar na'ura Fuzz-Tone da ake takawa da ƙafa tun 1962 ba ta wani ciniki, sai da Keith Richards mai jitar Rolling Stones ya yi amfani da ita a waƙarsu Satisfaction a 1965 sannan kowane yaro ya ce sai ita. Ka haɗa da ƙaramin ogan mai siririyar murya, Vox ko Farfisa, irin wanda ke jan 96 Tears daga farko har ƙarshe. Waɗanda suka yi wannan waƙar, Question Mark and the Mysterians, ƴaƴan ƴan asalin Meziko ne ma'aikatan gona da suka zauna a jihar Michigan, a wani gida a Bay City aka ɗauke ta, tashoshin yankinsu suka fara sa ta mutane suna ta bugo waya a maimaita, a hankali a hankali har ta kai lamba 1 a ƙasar gaba ɗaya a Oktoban 1966. Ni wannan labarin yana taɓa ni sosai, don rediyo ce ta ɗaga su ba wani babban kamfani ba. In kuma kana son mafi zafin duka to Sonics ne ƴan Tacoma, Gerry Roslie yana ƙwala ihu a Psycho kamar maƙogwaronsa zai tsage.

Yawancin ƴan gareji waƙa ɗaya ce ta fito da su shikenan, kamar Count Five da waƙarsu Psychotic Reaction, wasu suka koma karatu, wasu aka kwashe su aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam, kafin 1968 abin ya lafa. Da ba don Lenny Kaye ya tattara guda 27 a kundin Nuggets a 1972 ba da da yawa sun ɓace. Daga zuriyarsu ne aka samu su Ramones, har zuwa White Stripes, waɗanda in kana kallon ƙwallo ka sha jin ƴan kallo suna rera amon Seven Nation Army a filin wasa ko da ba ka san sunanta ba. Kuma in ka taɓa jin jitar ƴan Agadas irin su Bombino, ko Mdou Moctar wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar burkin keke, to kunnenka ya riga ya san wannan ɗanyen sautin, ba baƙo ba ne a wajenmu.

Toh a rediyo fa, ya suke? Nan ne suka haɗu. Dukkansu don rediyon matsakaicin zango aka yi su, sifika ɗaya, waƙa minti biyu da rabi zuwa uku a kan ƙaramin faifai mai juyi 45, saboda tashoshin Top 40, masu juya waƙoƙi 40 da suka fi tashe, ba sa son doguwar waƙa. Bambancin shi ne ƴan pop da gangan suka auna, a Motown har wata ƴar sifika suke da ita mai sauti irin na rediyon mota, sai sun ji waƙa ta fita a cikinta kafin su sake ta, shi ya sa ake cika ta da tafi da kacau-kacau da ganga mai kaifi don su huda ƙarar inji. Ƴan gareji ba su auna komai ba, sautinsu dama a matse yake a cushe, sai ƙaramar rediyon ta rufa musu asiri. Gwada ka gani, sa My Girl ta Temptations a iyafis mai kyau za ka ƙara jin abubuwan da ba ka ji ba a da, gogen Turawa da ƙahonni kowanne a mazauninsa, amma Louie Louie a sifikar waya ko rediyon mai shayi ta fi daɗi nesa ba kusa ba.

Wajen zama da su ma ba ɗaya ba ne. Pop ɗin nan za ka iya barin ta tana yi a shago ko a mota da iyali, kalmomin soyayya ne masu kunya yawancinsu, Turancin a fili yake har ma ka ƙaru da shi, kuma za ka yi awa uku ba ka gaji ba. Rok ɗin gareji ba ya zama a bayan fage, saurayi ne aka yaudara yana huci, bayan waƙa biyar shida a jere kai ma za ka so ka huta, kuma waɗanda aka yi daga 1966 zuwa sama wasu suna da zancen ƙwaya a lulluɓe, gara ka sani. Ni lokacinsa a wajena shi ne in ina aikin dare barci na neman kayar da ni.

Shawarata ka fara da pop, musamman Motown, sati biyu uku kunnenka ya san yadda ginanniyar waƙar wancan zamani take, sannan ka shiga gareji, a lokacin ne za ka gane abin da yaran suke ƙoƙarin kamowa da abin da suka watsar. Amma in ka tambaye ni inda zuciyata take, tana gareji, ba na ɓoyewa. A pop ina jin gwaninta ina jinjina, a gareji kuwa mutanen nake ji, yaro ɗan shekara 17 da ya san wataƙila wannan ce kaɗai damarsa ta shiga situdiyo a rayuwa ya zuba duk abin da ke ƙirjinsa a minti biyu.

Kuma don Allah ka tsaya a rediyon kar ka koma zaɓar waƙa ɗai-ɗai a YouTube tukuna, don a can abin da ka riga ka sani kawai za ka nema. Nemi shirin Underground Garage na Steven Van Zandt, mai jitar Bruce Springsteen, tun 2002 yake yin sa, kuma abin da nake so da shi zai sa maka Sonics ya biyo da Ronettes ba ya raba su, kamar dai yadda tashoshin 1965 suke yi. A ɓangaren pop akwai Sounds of the 60s a BBC Radio 2 ranar Asabar da safe, Tony Blackburn ke gabatarwa, mutumin da ya fara aiki a Radio Caroline, tashar da ke watsa shiri daga jirgin ruwa a teku a 1964, kuma shi ya buɗe Radio 1 a 1967. Manhajar Radio Garden ma tana taimakawa, duniya ce kake juyawa da yatsa kowane koren ɗigo tasha ce, sai dai ka riƙa neman masu 60s a sunansu don manyan tashoshin tsoffin waƙoƙi irin su WCBS-FM ta New York sun matsa gaba zuwa waƙoƙin shekarun 1980. Data kuma ba ta kai ta bidiyo ba, tasha mai 128 kbps wajen MB 58 take ci a awa, mai 64 rabin haka.

In Louie Louie ta zo maka ka kasa kunne wajen minti 2, bayan jita ta gama nata, za ka ji Jack Ely ya shigo baiti kafin lokaci ya yi sauri ya ja baya, mai ganga ya rufe gurbin da bugu, haka suka bar ta a faifan ba su sake ɗauka ba. Ka ji wannan wurin sannan ka zo ka faɗa mini ya ka ji.