Shagon markaɗe takardu a Ikeja, aikinsu ya yi amma a tafi da haƙuri

Masu ofis da ƴan ƙungiya da takardu suka cika muku sito a Legas, akwai wani shago wajen Ikeja ba nisa da Alausa, aikinsu sikanin ɗin takardu da markaɗe waɗanda aka gama da su. Ni ne sakataren wata ƴar ƙungiya ta masu sauke kaya a Mile 12, rasit da fom ɗin membobi da takardun mitin sun taru mana kwali kwali, kun dai san danshin garin nan, na ƙasa duk sun yi funfuna. Wasu cewa suka yi a ba masu tsire da masu ƙosai kawai, nace a'a wlh, fom ɗin nan akwai hoton mutum da lambar wayarsa da NIN a jiki, ga dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023, haka kawai ka sayi tsire a Agege ka ga fuskar ɗan ƙungiyarka mai ya jiƙa ta.

Abin da ya burge ni ba sa karɓa su watsa a inji kai tsaye. Matar da ke kan tebur sai da ta buɗe kwalayen, ta ware takardun kuɗi da ba su kai shekara 6 ba tace mu koma da su, dokar kamfanoni ta 2020 shekara 6 tace a ajiye lissafi.

Inda ta nuna ta san aikinta kuwa shi ne wani buhu da wani dattijonmu ɗan fansho ya haɗo mu da shi, wai tarkacen gidansa ne. Tana zazzagewa sai ga fayil guda biyu masu igiya, da sunan ma'aikata da lambar fayil a bango, ciki ba wani abin kirki, takardar neman hutu ce da baucan man mota da rajistar zuwa aiki. Nace madam ai wannan shara ce, tace Alhaji ko shara ce ta gwamnati ce, ba zan taɓa ba sai da wasiƙar izini. Kuma gaskiyarta ce fa. Takardar gwamnati ko ta sayen tsintsiya ce tana da wa'adin ajiya, in ya cika ma'aikatar ce za ta jera su a rubuce ta nemi amincewa kafin a lalata, masu muhimmanci kuma a tura gidan adana tarihi. Na tarayya dokar 1992 ce ke kansu, gidajen suna Ibadan da Kaduna da Enugu, jihar Legas kuma tana da nata hukumar, LASRAB, a Magodo. Dokar ƴancin samun bayanai ta 2011 ma ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 1 ga jami'in da ya lalata takardun da ke hannunsa da gangan. Haka muka mayar wa Baba kayansa yana ta faɗa.

To sai matsalolin. Nepa na ɗaukewa aiki ya tsaya, janaretonsu baya jan babban injin, muka zauna kan benci ɗaya cikin zafi har aka yi la'asar. Fin da kilip kai za ka cire da hannunka in ba haka ba su ƙara kuɗi, kuma ba su faɗa a waya ba, yatsun yaron da ya raka ni sun sha wuya. Sikanin ɗin ma wasu shafukan sun fito a karkace, sunayen fayil ɗin a filash lambobi ne zalla sai ka buɗe ɗaya ɗaya ka san mene ne.

Markaɗen dai a gabanka ake yi, gutsi gutsi yake fitowa ba dogayen zare ba, kilo suke aunawa, su ba ka takardar shaida mai hatimi da kwanan wata. Zan koma in wasu sun sake taruwa, amma da sassafe kafin gosulon Ojota, kuma a gida zan cire fin ɗin.