Bazarata ta farko a ƙarƙashin rufi mai tare zafi

Shekara takwas na yi a gidan haya a unguwar Mabera cikin Sakkwato, kuma duk Afrilu da Mayu a tsakar gida muke kwana, mu da sauro. Ɗaki ba ya shiguwa. Ko bayan isha'i ka ɗora hannu a kan katifa, sai ka ji kamar yanzu aka ɗauko ta daga bakin murhu. Da Allah ya hore mini na fara gina nawa a wajen Arkilla, na ƙudura cewa gara a tare babu tayil da a tare cikin wannan azaba.

Wani injiniya abokin ƙanena ne ya fahimtar da ni cewa mafi yawan zafin ta sama yake shigowa. Ranar da iskar Sakkwato ta haura digiri 40, kwanon da rana ke duka yana iya wuce 60. Shi zai gasa iskar da ke tsakaninsa da silin, silin ya kwasa ya sauke wa na ƙasa, fanka kuma ta yi ta juya muku ita. Ya ce tun 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi, kuma sa wa rufi abin tare zafi yana cikinta. Ni dai ban taɓa jin wani magini ya ambace ta ba.

Mun shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, an bar tazarar kamar inci ɗaya tsakaninsu. A bayan silin aka jera audugar gilashi mai kaurin inci biyu. Sannan aka bar kafofin iska a gabas da yamma, can sama kusa da ƙololuwar rufi, don zazzafar iska ta samu hanyar fita. Kafintan da ya yi aikin, dattijo ne mai hannu, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wanga abu ai ɓarnar kuɗi na, ka sai esi ka huta." Na ce masa, "Baba, esi da wace wuta?" Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa ke iya kwana da janareta a kunne?

To, bazara ta zo ta wuce, ga abin da na gani. Da ƙarfe uku na rana na hau kujera na taɓa silin falo, ɗumi kaɗan ne, irin na tulun da aka bari a inuwa. Na shiga kicin, inda kuɗi suka ƙare ba a sa audugar ba, na taɓa nasa, sai da na janye hannu. Gida ɗaya, kwano ɗaya. Ba zan ce ɗaki ya zama sanyi ba, Sakkwato ce, ana gumi. Amma fanka biyu a kan sola sun ishe mu, kuma yara sun yi barci a gadonsu har damina ta sauka. Da hunturu ma na lura ɗakunan ba sa yin sanyin asuba mai shiga ƙashi irin na gidan da muka baro.

Akwai abubuwan da suka ɓata mini rai. A ɗakin yara masu aikin sun manna takardar a jikin kwano, babu tazara, don ya fi musu sauri. Takardar nan aikinta mayar da zafi ne, kuma sai da iska a gabanta take yi. In ta mannu da kwano ta zama kwanon kanta. Sai da aka kwance layi huɗu aka sake, ni na biya. Audugar gilashi kuma ƙaiƙayi gare ta kamar ƙaiƙayin gero. Yaron da ya ɗauke ta da hannu tsirara ya kwana yana susa, abin ya dame ni ƙwarai, domin ni ya kamata in sayo safar hannu da takunkumi tun farko. Kafofin iska ma mun bar su babu raga, wata biyu tsuntsaye suka yi sheƙa a ciki.

Bango ya fi wuyar sha'ani. Bulon siminti yana shan rana wuni guda, da dare ya amayar da ita cikin ɗaki. Kakanninmu da suka yi gini da tubali, katanga mai kauri da rufin azara, sun san abin da suke yi, duk wanda ya taɓa zama a zauren tsohon gida a cikin gari da azahar ya sani. Ni bulo mai inci tara na sa a waje duka, na shafa farin fenti, na tsawaita bakin rufi, na dasa dogon yaro biyu ta yamma. Ɗakin Inna kaɗai, da yake shi ke fuskantar faɗuwar rana, aka liƙa wa bangonsa farin soso irin wanda ke zuwa cikin kwalin firij, aka rufe da filasta. Ya rage zafin dare sosai, sai dai ƙusa ba ta kamawa da kyau, kuma soso ne mai cin wuta, dole wayoyin lantarki su bi ta cikin bututu.

In kuɗinka ba za su kai duka ba, fara da sama, kuma ka yi shi kafin a rufe silin, domin bayan nan aiki biyu ne. Ka tsaya a kansu ranar da za a shimfiɗa takardar, ka ga tazarar da idonka.

Inna ta daina fitar da tabarmarta waje da dare. Uwargida kuwa ta sa ni gaba a kan kicin, na yi mata alkawarin za a sa audugar kafin watan Maris.